Saɓanin riwayoyi kan tarihin Masarautar Gumel

Masarautar Gumel ɗaya ce daga cikin masarautu biyar na Jihar Jigawa a arewacin Najeriya, tare da Dutse da Haɗeja da Kazaure da Ringim. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta arewa. Gidan sarautarta na Mangawa ne, kuma tana cikin masarautu ƙalilan na arewacin Najeriya da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai sauya musu gidan sarauta ba. Saboda zamanta a tsakanin Kano da Borno da Haɗeja da Damagaram, kowane ɓangare yana da yadda yake ba da labarinta. Riwayoyin sun saɓa a kan inda wanda ya kafa ta ya fito, da matsayinta a gaban Borno, da shekarar da aka koma garin Gumel, da kuma ko za a lissafa ta cikin ƙasar Hausa ko cikin ƙasar Barebari.

Asalin Ɗan Juma

Jerin sarakunan Gumel ya fara ne da Ɗan Juma ɗan Musa, wanda ya yi sarauta daga wajen 1749 ko 1750 zuwa rasuwarsa a 1754. A kan wannan babu wata jayayya mai ƙarfi. Inda aka rabu shi ne ta ina ya zo.

Riwayar da ta fi yawo a littattafan Turanci, wadda kundin Britannica ma ya ɗauka, tana cewa Ɗan Juma ya taso ne daga birnin Kano, mai nisan kimanin kilomita 120 kudu maso yamma da Gumel, tare da mabiyansa Mangawa. Riwayar da aka fi ji a bakin mutanen masarautar kuwa gabas take nunawa: tana danganta gidan sarautar da Borno, har ta kai shi Birnin Ngazargamu, hedikwatar daular a wancan zamani. Kowace riwaya tana da abin da take ɗauke da shi. Idan daga Kano ya fito, to Gumel reshe ce da ta tsiro a gefen ƙasar Hausa, Borno ta zo ta rungume ta daga baya. Idan daga Ngazargamu ne, to gidan sarautar jinin Borno ne tun asali, kuma gaisuwar da ake kai wa can ta zama ta ɗa ga uba.

Riwayoyin biyu ba lalle ne su ƙaryata juna ba. A ƙarni na 18 mutanen Borno, malamai da fatake da 'ya'yan sarauta, suna zaune a Kano da yawa, kuma littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Mai Ali na Borno da yaƙi ƙofar Kano a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743). Mutum zai iya zama ɗan asalin Borno ya kuma taso daga Kano. Sai dai masu ba da labari kowa yakan tsaya ne a zangon da ya fi yi masa daɗi.

Su wane ne Mangawa

Mangawa al'umma ce da ke zaune a arewacin kogin Yobe, daga yankin Gure da Gudumariya da Maine Sorowa a Nijar zuwa arewacin jihohin Yobe da Jigawa a Najeriya. Harshensu, Manga, masana harsuna suna lissafa shi a matsayin ɗaya daga cikin manyan kare-karen harshen Kanuri. An san ƙasarsu da gishiri da kanwa, kuma gishirin da Hausawa ke kira mangul daga can yake zuwa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan sana'a da fataucinta a littafinsa na 1986 kan gishirin tsakiyar Sudan.

A nan ma akwai saɓani. Wasu suna ɗaukar Mangawa a matsayin reshe ne kawai na Barebari. Wasu masu bincike kuwa suna ganin al'umma ce da aka taras a wurin, ko gamayyar al'ummu, wadda ta ɗauki harshen Kanuri da al'adunsa bayan da daular Borno ta kafa Ngazargamu a ƙarshen ƙarni na 15 ta kuma faɗaɗa ikonta zuwa yamma. Bahaushe dai ya hutar da kansa, duk Barebari yake kiran su. Wannan ya shafi Gumel kai tsaye, domin wanda ya ce sarautar ta Mangawa ce da wanda ya ce ta Barebari ce ba abu ɗaya suke nufi ba kodayaushe.

Matsayinta a gaban Borno

Bayan rasuwar Ɗan Juma a 1754, Gumel ta shiga cikin ƙasashen da ke kai gaisuwa Borno. Sarakunanta sun riƙe laƙabin Mai, irin na Borno. Sauran ƙasashen yammacin daular, irin su Muniyo da Macina da Damagaram, su ma haka suke: kowace da sarkinta da dakarunta, amma suna amsa sunan Borno.

Jihadin da aka fara a 1804 ya sauya taswirar yankin. Kano ta faɗa hannun masu jihadi a wajen 1807, Haɗeja da Katagum da Kazaure suka zama masarautun da ke riƙe da tutar Sakkwato, ita kanta Ngazargamu aka ci ta a 1808. Gumel ba ta shiga ba. Da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya farfaɗo da Borno daga Kukawa, sai Gumel ta zama bakin iyakar daular ta yamma, tana fuskantar ƙasar Kano.

Yadda ake fassara wannan ya bambanta. A Gumel abin alfahari ne cewa ba a taɓa cin masarautar da jihadi ba, kuma gida ɗaya ke sarauta tun tsakiyar ƙarni na 18. Tarihin da aka rubuta ta fuskar Sakkwato da Kano yakan ambace ta a gefe, a matsayin ƙasar Borno da ke kan iyaka. Tarihin Borno kuma yakan jera ta cikin ƙananan ƙasashen da ke biyayya. Kalmar da ake amfani da ita ma tana da nauyi: mai cewa gaisuwa yana nufin girmamawa tsakanin babba da ƙarami, mai cewa haraji yana nufin mulki. A zahiri ƙarfin Borno a kan ƙasashen yamma yakan hau ya sauka gwargwadon wanda ke kan gado a Kukawa.

Daga Tumbi zuwa Gumel

Kafin garin Gumel na yanzu, fadar masarautar tana Tumbi ne, kimanin kilomita 30 arewa, a wurin da yau ya faɗa cikin Jamhuriyar Nijar. An koma Gumel a zamanin Mai Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya yi sarauta daga 1828 zuwa 1851. Shekarar da aka fi rubutawa ita ce 1845, amma akwai masu sa ƙaurar kafin haka da wasu shekaru. Duk lissafin biyu sun tsaya a cikin zamanin Ɗan Tanoma.

Sunan garin ma yana da nasa bayani. Wata riwaya tana cewa daga kalmar Fulfulde gubelle ya samo asali, wadda ake fassarawa da saniya mai gajerun ƙaho. Idan haka ne, masarautar da ta tsaya ba ta bi tutar Fulani ba tana amsa sunan da Fulani makiyaya suka raɗa wa wurin. Ana kuma yi wa garin laƙabi da Lautai, kuma shi ne sunan da 'yan garin suka fi so a kirari.

Shaida mafi tsufa ta wanda ya gani da ido ita ce ta Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya lissafa ta a matsayin garin Borno na kan iyaka, ya kuma bayyana ta a matsayin babbar kasuwar kanwa, inda ayarin da ya taso daga gabas yake haɗuwa da fataken da ke kai kayan kudu. Da ya sake bi ta nan a ƙarshen 1854, ya taras garin ya lalace saboda rikicin gadon sarauta bayan rasuwar Ɗan Tanoma. Jerin sarakuna ya yi daidai da wannan: Ceri ɗan Ɗan Tanoma ya hau a 1851, aka tuɓe shi a 1853 ɗan'uwansa Muhammadu Atu ya hau, sannan Ceri ya dawo a 1855 ya riƙe har 1861.

Haɗeja da Damagaram

Daga 1828 Gumel ta shiga yaƙe-yaƙe da maƙwabtanta, kuma mafi daɗewa shi ne wanda ta yi da Haɗeja. Ya ci gaba har zuwa 1872, shekarar da aka kashe Mai Abdullahi ɗan Ɗan Tanoma a yaƙin Zaburam, a zamanin Sarkin Haɗeja Haru Bubba. A tarihin Haɗeja wannan rana nasara ce da ta rufe wata doguwar fitina a iyakar arewa maso yamma. A Gumel ana tuna ta a matsayin ranar da sarki ya faɗi a fagen fama, amma masarauta ba ta faɗi ba, domin ɗan'uwansa Abubakar ya gaje shi ya yi shekara 24 a kan gado.

Ba za a iya karanta wannan yaƙi a matsayin Sakkwato da Borno kawai ba. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya rasu a 1863, ya yi shekaru yana tawaye ga Sakkwato kanta. Haka kuma babbar barazanar da Gumel ta fuskanta a ƙarshen ƙarnin ta fito ne daga 'yar'uwarta a biyayya ga Borno, wato Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu (1851 zuwa 1884) Damagaram ta yi ƙarfi, ta tara bindigogi da igwa, ta rinjayi ƙananan ƙasashen da ke kewaye da ita, har da Muniyo. Hare-haren kama bayi daga Zinder sun rage yawan jama'ar ƙasar Gumel ƙwarai. Da Rabe ya ci Borno a 1893, babu sauran wanda za a kai wa ƙara a Kukawa. Abin da mawaƙan fadar Damagaram za su lissafa cikin jarumtar sarakunansu, a ƙauyukan Gumel labarin gudu da kufai ne.

Turawa da shata iyaka

Mai Ahmadu ɗan Abubakar, wanda ya hau a 1896, ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, shekarar da aka ci Kano. Haɗeja kuwa ta yi yaƙi da su a 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada. Wannan bambanci ma ya shiga cikin yadda masarautun biyu ke kallon kansu.

Turawa sun yi abubuwa biyu da suka sauya yadda ake karanta tarihin Gumel. Na farko, sun sa ta cikin Lardin Kano, ba Lardin Borno ba. Saboda haka tarihinta na farko da aka buga da Turanci ya fito ne a cikin littattafan da suka shafi Kano, kamar kundin lardin da W. F. Gowers ya tattara a 1921, sannan daga baya littafin Hogben da Kirk-Greene kan masarautun arewacin Najeriya na 1966. Irin waɗannan rubuce-rubuce sun dogara ne a kan abin da jami'an mulki suka ji a fada, suka kuma tsara shi da shekarun miladiyya ta hanyar ƙirga tsawon mulkin kowane sarki zuwa baya. Daga nan ne yawancin bambancin shekaru ya samo asali.

Na biyu shi ne iyaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa alamomi da tawagar Tilho da O'Shee ta yi daga 1906 zuwa 1908, sun bar Zinder da yawancin ƙasar Manga a hannun Faransa, Gumel a hannun Ingila. Tumbi, tsohuwar fadar masarautar, ta tsinci kanta a wata ƙasa. Gumel ba ita kaɗai abin ya shafa ba: zuriyar sarakunan Haɓe na Katsina suna Maraɗi, a ɗaya gefen iyakar. Bambancin shi ne a Maraɗi gidan sarauta ne ya bar garinsa na asali a Najeriya, a Gumel kuwa gidan sarautar yana Najeriya, garin da ya baro ne ke Nijar. Ɗalibin Zinder yana karanta tarihin yankin da Faransanci a matsayin tarihin Damagaram, na Gumel yana karanta shi da Turanci a matsayin tarihin Jigawa.

Harshe da gado a yau

Bayan samun 'yancin kai Gumel ta kasance cikin Jihar Kano daga 1967, sannan ta koma Jigawa da aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta, 1991. Sarki Ahmad Muhammad Sani, wanda ya gaji mahaifinsa Maina Muhammadu a farkon shekarun 1980, daga gidan nan na Mangawa ya fito.

Hausa ce harshen yau da kullum a garin Gumel da kasuwanninta da fadarta, kuma yawancin waɗanda ke kiran kansu Mangawa a nan da Hausa suka tashi. Shi ya sa tambayar ko Bagumale Bahaushe ne ko Babarbare take samun amsa biyu daga mutum ɗaya, gwargwadon inda aka yi masa ita. Gadon Borno ya fi bayyana a laƙabin Mai da Maina da sunayen zuriya, da kuma wasan barkwanci tsakanin Barebari da Fulani, wanda Fulanin yankin ba sa ɗage wa Bamange don ya manta harshen kakanninsa. Ban da Mangawa akwai Hausawa da Fulani da yawa a ƙananan hukumomin huɗu, kuma tarihin fada bai cika ba da labarin garuruwansu ba.

A Maigatari, garin da ke kan iyaka, kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis tana tara masu shanu da raƙuma da tumaki daga jihar Zinder da sauran sassan Nijar, da 'yan kasuwar da ke lodin su zuwa kudancin Najeriya. Hanyar da suke bi daga arewa ta ratsa ƙasar da sarakunan Gumel suka zauna kafin su baro Tumbi.