Luang Prabang: Baƙi Sun Raya Sana'a, Sun Takura Ibada

Wannan makon mu leƙa ƙasar Laos. Luang Prabang ce hedikwatar masarautar Lan Xang da Sarki Fa Ngum ya kafa a 1353. Da 'yan gurguzu suka rushe sarauta a 1975, masu sassaƙa da adon zinariya a gidajen ibadar Buddha suka rasa masu ɗaukar nauyinsu, gwanaye suka yi ta ƙarewa.

A 1995 UNESCO ta saka garin cikin wuraren tarihi na duniya, baƙi suka fara kwarara. Daga 2000 aka koma koya wa matasan limamai sassaƙa da zubin tagulla. Masaƙa da masu takardar ɓawon itace na ƙauyen Ban Xang Khong suka samu kasuwa. Wajen Oktoba, unguwanni na ƙera jiragen gora masu fitilu, su sake su a kogin Mekong.

Sai dai karɓar sadakar asuba da limaman ke yi ta koma abin kallo. Masu ɗaukar hoto na tare musu hanya, har aka kafa allunan ƙa'idoji. Idan za mu rubuta tarihin wata al'ada, mu fara tambaya: wa ke juya ta, mai ita ko ɗan kallo?