Aƙida ko Kujera: Nazari kan Rabuwar Enver Hoxha da Ƙawayen Albaniya, 1948–1978

Enver Hoxha ya mulki Albaniya daga 1944 har mutuwarsa a 1985, kuma sau uku yana raba gari da babbar ƙasar da ke ɗauke da nauyinsa: Yugoslabiya a 1948, Tarayyar Sobiyet a 1961, sai Sin a 1978. A kowane karo jam'iyyarsa cewa take yi tana kare tsantsar koyarwar Marx da Lenin ne daga masu yi mata kwaskwarima. Wannan maƙala tana ganin kujerar Hoxha ce ake karewa, domin babu rabuwa ɗaya da ba ta ci ran wani babba a cikin gida ba.

Rabuwar farko ita ce ta fi fito da abin fili. Bayan yaƙin duniya na biyu Tito, shugaban Yugoslabiya, ya so haɗe Albaniya da tarayyarsa, kuma ɗan gabansa a Tirana shi ne ministan cikin gida, Koçi Xoxe, wanda ƙarfinsa ya kusa shafe na Hoxha. Da Stalin, shugaban Sobiyet, ya kori Tito daga sahun ƙasashen kwaminisanci a watan Yuni na 1948, sai Hoxha ya rungumi Mosko, a 1949 kuma aka kashe Xoxe. Daga nan makomar Hoxha ta ɗaure da sunan Stalin. Saboda haka da Khrushchev, magajin Stalin, ya je Belgrade neman sulhu da Tito a 1955, ya kuma tona asirin Stalin a 1956, Hoxha ya gane inda aka dosa: in an wanke Tito an wanke Xoxe, in kuwa an wanke Xoxe to wanda ya sa aka kashe shi ne zai amsa tambaya. An tsige Liri Belishova, jigo a jam'iyya mai goyon bayan Mosko, a 1960, aka kashe kwamandan sojan ruwa Teme Sejko a 1961, shekarar da hulɗa da Sobiyet ta yanke. Haka aka sake yi bayan ziyarar shugaban Amurka Nixon a Sin a 1972, wadda ta nuna Beijin ma ta sauya alƙibla: ministan tsaro Beqir Balluku ya rasa ransa a 1975, shekara uku kafin Beijin ta janye tallafinta.

Za a iya cewa ai mutumin ya yi imani da abin da yake faɗa, in ba haka ba me zai kai shi rufe masallatai da coci-coci sama da 2,000 a 1967, ko haramta cin bashin ƙasashen jari-hujja a tsarin mulkin 1976, alhali ƙasar na fama da talauci? Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ba a musun cewa ya yi imani. Sai dai imanin bai taɓa sa shi yin abin da zai rage masa iko ba. Masallaci, coci da tekiyar Bektashiyya wurare ne da mutane ke biyayya ga wanin jam'iyya. Mai ba da bashi kuma yakan so ya duba littafin kuɗi.

Masu cewa kishin ƙasa ne su ma suna da hujja, ganin Italiya ta mamaye Albaniya a 1939, maƙwabta kuma sun daɗe suna haƙon yankunanta. Amma tsoron mamaya ba zai bayyana abin da ya faru da Mehmet Shehu ba, firayim ministan Albaniya tun 1954, wanda aka ce ya kashe kansa a watan Disamba na 1981, daga baya Hoxha ya zarge shi da yi wa Amurka, Yugoslabiya da Sobiyet leƙen asiri gaba ɗaya. A lokacin babu sauran ƙawar da za a rabu da ita, amma kawar da manya bai tsaya ba.