Yatsu Biyu na Django Reinhardt

A ƙauyukan Gangara, da ma ƙasar Maraɗi baki ɗaya, idan mai garaya ya taɓa tsirkiya daga bayan danga, dattijon da ke kan tabarma ba ya jiran a gaya masa suna. Zai ɗan karkata kunne ya ce, "Wannan hannun wane ne." Tsirkiya biyu ce a garayar kowa, amma hannu ba ya zama ɗaya. Da irin wannan kunnen nake so mu saurari wani makaɗin jita da ya rasu a Faransa tun 1953, wanda har yau masoyansa ba su gama gardama a kan hannunsa ba.

An haifi Django Reinhardt ranar 23 ga Janairu 1910 a Liberchies, ƙasar Beljiyam. Ɗan Manush ne, wani reshe na al'ummar Roma masu yawo gari gari cikin amalanken doki mai rufi, wanda shi ne ɗakin kwanansu. A zangon ƴan uwansa da ke bayan birnin Paris ya tashi. Bai yi boko ba, bai san rubutun kiɗa ba. Da ido da kunne ya koya, kuma tun yana yaro yake samun na cefane a gidajen rawa, yana raka masu akodiyon da banjo.

A ƙarshen 1928 ƙaddara ta faɗa masa. Matarsa tana yin furannin roba na sayarwa, irin robar da ke kama wuta kamar fetur, ta tara su a cikin amalanken. Kyandir ya faɗi a kansu. Django ya fita da ransa, amma ƙafar dama da hannun hagu sun ƙone ƙwarai. Likitoci suka ce a yanke ƙafar, ya ce bai yarda ba. Ya shafe kusan shekara ɗaya da rabi yana jinya. Da rauni ya warke, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙandare, sun lanƙwashe. Hannun hagu kuwa shi ke danna tsirkiya. Ƙanensa Joseph ya kawo masa jita har gadon jinya, ya soma koyo daga farko da manuni da na tsakiya.

Gani ya kori ji. Akwai ɗan gajeren fim da aka ɗauka gab da yaƙin duniya na biyu, inda ake ganin hannun kusa da kusa. Yatsun biyu suna gudu a wuyan jitar daga sama har ƙasa, ragowar biyun na dunƙule a gefe, sai in zai haɗa sauti da yawa lokaci guda yake ɗan jingina su a kan siraran tsirkiyoyi. Fuskarsa a sake, kamar mai sauraron wani. Na kalli wannan fim ban san iyaka ba, kuma kullum abin da ke kama ni shi ne babu alamar wahala a sautin. Kowane ɗigo yana fita tas, da ƙarfi, sannan ya karkaɗa wutsiyarsa kamar muryar mai kuka a ɓoye.

Masoya ne suka ɗaga shi tun farko. A 1931 wani mai zane, Émile Savitry, ya kunna masa faifan garmaho na Louis Armstrong a Toulon, daga nan jaz ya shiga jininsa. Ƙungiyar Hot Club de France, wadda masu sha'awar jaz suka kafa a 1932, ita ce ta tsaya wa ƙungiyarsa a 1934 har ta ara mata suna. Su biyar ne: Django, da Stéphane Grappelli mai gogen Turawa, da Louis Vola mai babban goge, da masu jita biyu, Joseph da Roger Chaput. Babu ganga ko ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, masu jitar nan biyu su ke riƙe da taki, aikin da masu caki ke yi wa mai garaya.

Sai maganar jitar kanta, inda masoya suka fi zubar da yawu. Kamfanin Selmer na Paris ya fara ƙera ta a 1932 bisa tsarin wani ɗan Italiya, Mario Maccaferri. Ta farko babban baki gare ta, ta baya kuma ƙaramin baki mai siffar ƙwai, wadda muryarta ta fi kaifi. A zamanin da ba a jona jita da lantarki, wannan kaifin ne ke sa a ji ta a cikin hayaniyar gidan rawa. Tsirkiyoyinta sirara ne na ƙarfe, shi kuma yana dukansu da abin kaɗi mai kauri, kusa da jakin. Ba su kai dubu ba waɗanda aka ƙera kafin a daina a 1952, don haka yau samun ta asali sai mai hannu da shuni. Tasa mai lamba 503, matarsa ta biyu, Naguine, ta ba da ita kyauta a 1964, tana gidan tarihin kiɗa na Paris.

Ban ga laifin masu bin katako da tsirkiya ba, so ne ya kawo haka. Amma mu da muka ji abin da Ɗan Maraya Jos ya fitar daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya, da wuya a shawo kanmu cewa sirrin yana cikin katako. Shi kansa Django, da ya tafi Amurka a 1946 don zagaye da Duke Ellington, bai ɗauki jitarsa ba. Ta lantarki aka ba shi, bai ji daɗinta ba. Da ya koma gida ya maƙala wa Selmer ɗinsa ɗan na'urar lantarki, sautin ya yi kauri, ya yi gurnani. Nan masoya suka rabu: wasu sun ce Django na gaskiya shi ne na shekarun 1930, wasu sun ce a ƙarshe ne ya nuna. Ni ina tare da na biyun. A saurari "Nuages" da ya fara ɗauka a 1940, lokacin da sojojin Jamus ke riƙe da Paris, ƴan Nazi kuma na shirin hallaka dubban ɗaruruwan ƴan uwansa Roma, sannan a saurari wadda ya sake ɗauka a watan Maris 1953. A ta biyun ya rage gudu, yana barin sauti ya mutu da kansa kafin ya taɓa na gaba.

Wata biyu bayan haka, ranar 16 ga Mayu 1953, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu yana da shekara 43. A Samois, ƙauyen bakin kogin Seine inda ya koma da zama yana kamun kifi, aka binne shi. Tun 1968 masoya suka fara taruwa a can don tunawa da shi, kuma ko da babban bikin ya koma Fontainebleau da ke kusa, Manush da baƙi ba su daina kafa zango a yankin ba duk ƙarshen watan Yuni, suna kaɗa jita har asuba. A cikinsu akan ga samari masu lafiyayyun yatsu sun naɗe biyu a tafin hannu, suna gwada bin hanyar da ya bi da sauran biyun.