Sha'awa da Neman Abinci a Tarihin Adabin Kasuwar Kano

Tsarin sana'o'in Hausawa na gargajiya ya bambanta ɗan gado, wanda ya tarar da sana'a a gidansu, da ɗan haye, wanda ya shige ta da ƙafarsa, galibi don zuciyarsa ta kwanta da ita. Rubutun ƙagaggun labarai na zamani kusan duk aikin 'yan haye ne, shi ya sa tarihinsa ya dace da nazarin abin da ke faruwa idan abin sha'awa ya zama hanyar cin abinci.

A shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare kuma kamfanonin ɗab'i irin su NNPC na Zariya suka rage fitar da sababbin littattafai, matasa maza da mata suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa masu shagunan littattafai. Wannan yunƙuri shi manazarta suka kira adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuci ke bugawa da kansa ba tare da kamfani ya tace ba. Daga cikinsa aka sami Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu a 1990 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, aka kuma sami ƙungiyoyi irin su Raina Kama inda marubuta ke tallafa wa juna.

Babu shakka ciniki ya yi wa wannan adabi rana, domin da ba a sayar ba, da yawancin labaran sun ƙare a littattafan rubutu na makaranta, kuma da matan da ke rubutu daga cikin gida ba su sami murya ko kuɗin kansu ba. Sai dai kasuwar da ta 'yantar da marubuci daga editan kamfani ta ɗora masa wani maigida, domin ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake karɓa, kuma soyayya ce ke tafiya. Haka aka saba raba labari guda zuwa kashi na ɗaya da na biyu da na uku, sau da yawa don yawan ciniki ba don labarin ya buƙaci tsawon ba, al'adar da ta biyo marubuta har zaurukan WhatsApp inda ake biya kafin a karanta ci gaba.

A nan matsalar take, kuma ba ƙarama ba ce ga mai son aikinsa da gaske. Karɓar kuɗi ba ya kashe sha'awa. Abin da ke kashe ta shi ne marubuci ya rasa ikon zaɓen jigonsa da lokacin da zai ce littafi ya kammala. Wanda tukunyar gidansa ke jiran kashi na gaba ba zai iya ajiye labari wata shida ya gyara ba, yayin da malamin makaranta ko ma'aikaci mai albashi zai iya, ko da yake shi ma gajiyar aiki tana cinye masa lokaci.

Saboda haka matashin da ke tunanin barin aikinsa don rubutu ya kamata ya jinkirta har sai ya tara masu karatu da abin da zai riƙe shi, yadda zai iya ƙin buƙatar ɗan kasuwa idan ta saɓa wa labarinsa.