RANAR DA GANAU YA KAMA BAKINSA: HABASHA, 1936

A watan Maris na 1936, wani likita ɗan Suwizalan mai suna Marcel Junod, wakilin kwamitin Red Cross na duniya, yana Korem a arewacin Habasha. Ya tarar da mutane zube ƙarƙashin bishiyoyi, fatar ƙafafu da hannuwansu ta saɓule, idanu sun kumbura, suna kiran sarkinsu da kuka. Ba harsashi ba ne ya taɓa su. Jiragen Italiya ne suka yi musu feshin iskar guba ta mustad, wadda ke sauka kan ciyawa kamar raɓa. Yawancinsu ba takalmi, duk wanda ya taka sai ƙuna.

Shugaban Italiya Mussolini ya afka wa Habasha ne ranar 3 ga Oktoba 1935, yana neman wanke kunyar kashin da Italiya ta sha a hannun Habasha a Adwa a 1896. Italiya kuwa ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1925 da ta haramta yaƙi da guba. Asibitocin Red Cross ma ba su tsira ba: an yi wa na Suwidin ruwan bama-bamai kusa da Dolo ranar 30 ga Disamba, na Birtaniya kuma a Korem farkon Maris. Hujjar Italiya ita ce wai Habashawa na fakewa da tutar agaji.

Junod da abokin aikinsa Sidney Brown sun aika rahoto hedkwatar kwamitin a Janiba. Me manya suka yi? Shugaban kwamitin, Max Huber, ya jagoranci tawaga zuwa Rum ƙarshen Maris, suka gana da Mussolini, suka dawo ba su fito fili sun ce uffan kan gubar ba.

A Afrilu, majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta nemi kwamitin ya ba ta abin da wakilansa suka gani. Ya ƙi, ya ce shi ɗan ba-ruwanmu ne. Ga ganau a hannu, amma aka bar duniya da jita-jita, Italiya na ta musu. Brown, wanda ya matsa a yi magana, shi aka raba da aikinsa.

Ranar 5 ga Mayu sojojin Italiya ƙarƙashin Badoglio suka shiga Adis Ababa. Ranar 30 ga Yuni Sarkin Habasha Haile Selassie ya tsaya a zauren majalisar a Janiba ya bayyana yadda gubar ta kashe mutane da dabbobi, ta gurɓata ruwan sha, 'yan jaridar Italiya na yi masa ihu. Cikin Yuli aka ɗage wa Italiya takunkumin da majalisar ta ƙaƙaba mata.

Masu kare kwamitin na cewa da ya yi magana, da an rufe masa ƙofar kai agaji. To amma shiru ma magana ce, kuma wanda ke da jirage ne ya ci ribarta. Sai a 1996 gwamnatin Italiya ta amsa a hukumance cewa ta yi amfani da gubar. Shekara 60 ke nan bayan abin da Junod ya gani a Korem.