Matsayin Hausa a Tarihin Koyar da Tauhidin Kirista a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin Hausa sukan fi karkata ga gudummawar malaman Musulunci da ta Hukumar Talifi ta Zariya. Wannan maƙala za ta dubi wani fage dabam, wato makarantun horar da masu wa'azin Kirista, domin a ga yadda Hausa ta samu gindin zama a cikinsu, da yadda Ingilishi ya karɓe ragamar ilimi mai zurfi daga baya.

2.0 Mafari

J.F. Schön ya buga nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da niyyar share fagen bishara a ƙasar Hausa. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, ya kuma yi jagorancin aikin fassarar da ta kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. To amma Turawan mulki sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Saboda haka ƙungiyoyi irin su SIM da SUM suka mai da hankali ga ƙabilun Filato da kudancin Zazzau da kwarin Binuwai. Da yake harsunan waɗannan wurare suna da yawa, sai suka ɗauki Hausa ta zama harshen koyarwa. Da ita aka horar da masu bishara a Kagoro da Gindiri tun shekarun 1930. Ta haka Hausa ta zama harshen addu'a da waƙa ga ɗimbin mutanen da ba Hausawa ba, har sunan haɗaɗɗiyar ƙungiyar majami'unsu ya kasance da Hausa: Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya.

3.0 Batun Kalmomi

Mafassara sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya wadata shi da kalmomin addini. Suka ɗauki Allah da annabi da zunubi da tuba da alheri, suka ɗora wa wasunsu sababbin ma'anoni. Suka aro baftisma da ikkilisiya, waɗanda asalinsu Girkanci ne. Sun zaɓi Yesu maimakon Isa. Mafi ɗaukar hankali ita ce kalmar tauhidi, wadda a Larabci take nufin kaɗaita Allah, amma ta zama sunan ilimin da ake koyar da aƙidar Triniti a cikinsa. Sabuwar fassarar 1980 ta sake duba yawancin waɗannan zaɓe-zaɓe, ta kuma kusantar da jimlolin ga Hausar yau da kullum.

4.0 Sauyin Harshe

Da aka buɗe Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya a Gindiri a 1959, wadda ta koma Bukuru daga baya, da Ingilishi aka riƙa koyarwa. Haka ma makarantar ECWA ta Jos da aka kafa a 1980. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya yi fafutikar samar da ilimin tauhidi mai zurfi a Afirka, ya kuma yi muhawara kan iyakar da Kirista zai tsaya wajen rungumar al'adun gargajiya. Da Ingilishi ya rubuta littafinsa a kan haka. Sakamakon wannan sauyi shi ne rabuwar aiki: Hausa ta riƙe mumbari da waƙoƙi da ƙananan makarantun Littafi Mai Tsarki, Ingilishi kuwa ya riƙe muhawara kan kimiyya da siyasa da zamananci. Fasto yakan karanci matsala da wani harshe, ya zo ya yi wa jama'a bayaninta da wani, sau da yawa ba tare da tsayayyun kalmomi ba.

5.0 Kammalawa

Akwai aiki a gaban masana harshe. Ya kamata a tattara kalmomin fassarar 1932 da ta 1980 a kwatanta su, a kuma nazarci Hausar majami'u a matsayin karin harshe mai tarihinsa. Ƙamusun da ya tsallake ma'anonin da waɗannan masu magana suka bai wa kalmomi bai kammala bayyana Hausa ba.