Bayan tiyatar rage ƙiba: Abin da ya kamata a sani kan zubewar gashi da rarar fata

Tallar tiyatar rage ƙiba da asibitocin Turkiyya da Indiya da Masar ke bazawa a Instagram da TikTok takan zo da hotuna biyu: na kafin tiyata da na bayanta. A hoto na biyu mutum yakan fito sanye da tufafi, gashinsa a gyare. Abubuwa biyu da mafi yawan marasa lafiya ke cin karo da su tsakanin hotunan nan ba su cika shiga tallar ba. Na farko shi ne zubewar gashi, wadda kan fara kamar wata uku bayan tiyata. Na biyu kuwa fatar da ke saura tana reto bayan kitsen da ya cika ta ya narke. Gashi yakan dawo idan jiki ya samu abin da yake bukata. Fata kuwa, in ta yi yawa, wata tiyatar ce kaɗai ke kawar da ita, kuma sau da yawa daga aljihun mai ita kuɗin ke fitowa.

Wace irin tiyata ce?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba mai cutarwa. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ga wanda ƙibarsa ta haɗu da ciwon suga ko hawan jini ko sarƙewar numfashi cikin barci, tiyata na daga cikin hanyoyin da suka fi tabbatar da raguwar nauyi mai ɗorewa.

Iri biyu aka fi yi. A na farko, wanda ake kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wato jakar da abinci ke fara sauka cikinta, a bar siriri mai siffar ayaba. A na biyu, baifas, wanda likita Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ya aza tubalinsa a shekarun 1960, ana ware wata 'yar jaka da ba ta fi ƙwai girma ba daga saman tumbi, a haɗa ta kai-tsaye da ƙaramin hanji, ta yadda abinci zai tsallake sauran tumbin da farkon hanjin.

Ana auna cancanta da ma'aunin BMI, wato nauyin mutum a kilo idan aka raba shi da tsayinsa a mita sau tsayinsa. Tun 1991 ƙa'idar ita ce 40 zuwa sama, ko 35 ga mai wata cuta da ke tafiya da ƙiba. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta ta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwo irin na suga. Mutum yakan rasa kwata zuwa sulusin nauyinsa, kuma mafi yawan raguwar tana faruwa ne cikin wata 12 zuwa 18 na farko. Wannan hanzari shi ne tushen matsalar gashi da ta fata baki ɗaya.

Me ke sa gashi zubewa?

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, kuma kowane sili yana da zangonsa. Kashi 85 zuwa 90 cikin 100 suna zangon tsiro, wanda kan ɗauki shekara biyu zuwa shida. Sauran suna zangon hutu na kusan wata uku, daga nan su faɗi, sababbi su maye gurbinsu. Saboda haka zubewar sili 50 zuwa 100 a rana ba abin damuwa ba ne.

Idan jiki ya gamu da babbar girgiza, sai ya karkatar da ƙarfinsa ga gaɓoɓin da rayuwa ta dogara a kansu, ya tura gashi mai yawa zangon hutu a lokaci guda. Bayan wata uku sai duk su faɗi tare. Likitan fata Albert Kligman ne ya yi wa yanayin suna a 1961, kuma a asibiti ana kiransa telojin efulubiyam. Shi ne dai abin da mata da yawa ke gani 'yan watanni bayan haihuwa, da wanda ke biyo bayan doguwar jinyar taifot ko zazzaɓi mai tsanani. Tiyatar rage ƙiba tana haɗa dalilai uku a lokaci ɗaya: wahalar tiyatar kanta, raguwar abinci farat ɗaya, da saurin zubar nauyi.

Wani nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara sakamakon bincike 18, ya gano cewa kashi 57 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar sun fuskanci zubewar gashi, kuma abin ya fi yawa a mata da masu ƙananan shekaru. Gashin yakan yi shara-shara ne a ko'ina a kai, ba ya barin sanƙo a wuri guda, domin saiwar tana nan da ranta. Galibi zubewar takan lafa cikin wata shida. Sai dai gashi santimita ɗaya kacal yake ƙaruwa a wata, don haka cikowarsa kan ɗauki shekara ko fiye. Masu amfani da allurar rage ƙiba ma ba su tsira ba: a gwajin Wegovy kashi 3 cikin 100 sun ba da rahoton zubewar gashi.

Yaushe zubewar ke zama gargaɗi?

Idan ta wuce shekara guda ba ta tsaya ba, ko kuma ta faro bayan wata shida da tiyata, likitoci sukan fi zargin ƙarancin sinadarai a jiki. Farkon ƙaramin hanji, wanda baifas ke tsallakewa, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ayon. Bitamin B12 kuma yana bukatar wani sinadari da tumbi ke samarwa kafin ya shiga jini, kuma yanke tumbi yana rage shi. Zink da folik asid da furotin su ma sukan yi ƙasa.

Wannan batu yana da nauyi na musamman a Najeriya, domin binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Macen da ta shiga ɗakin tiyata da ƙarancin ayon ta fara tafiyar ne da bashi a kanta. Kuma illar ba ta tsaya ga gashi ba: ƙarancin B12 ko B1 da aka yi sakaci da shi yana iya lalata jijiyoyi har abada.

Ƙa'idojin fannin sun tanadi aƙalla giram 60 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya yana ba da kusan giram 6. Ga mai ƙaramin tumbi, wannan na nufin fara cin kifi ko kaza ko ƙwai ko wake ko awara kafin tuwo da shinkafa su cike ɗan gurbin da ya rage. Shan shayi tare da abinci yana hana tsotsar ayon, kuma ana raba ƙwayar kalsiyam da ta ayon da tazarar awa biyu. Shan bitamin da gwajin jini lokaci-lokaci abu ne na tsawon rai. Likitoci sukan kuma ba da shawarar jinkirta azumi a watannin farko, da jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18.

Akwai kasuwa babba ta magungunan gashi, musamman bayotin. Babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yana hana irin wannan zubewa ga wanda ba shi da ƙarancinsa, kuma a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa yawan shan sa yana gurɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na gano bugun zuciya. Shan zink barkatai kuma yana rage sinadarin kofa a jiki. Kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi da man miƙar da gashi suna ƙara wa saiwa wahala a wannan lokaci, kuma gashin goshi da ja ya kashe saiwarsa ba ya dawowa.

Me ya sa fata ba ta komawa?

Zaruruwa iri biyu ke riƙe fata: kolajin mai ba ta ƙarfi da ilastin mai ba ta damar miƙewa ta dawo. Idan ta shafe shekaru a miƙe, zaruruwan sukan tsintsinke, kamar robar wando da ta saki. Yawan nauyin da aka rasa, da shekarun mutum, da tsawon zamansa da ƙiba, da shan taba, da gado, duk suna taka rawa. Motsa jiki yana gina tsoka ya ɗan cike gurbi, amma ba ya rage fata, haka ma mayukan shafawa da bel ɗin ɗaure ciki.

Fatar ta fi taruwa a mara, da damatsa, da cinyoyi, da ƙirji, da mazaunai. A ƙasa mai zafi, gumi yana kwanciya a cikin ninkin, fata ta riƙa gogar fata, sai ƙaiƙayi da wari da saɓulewa su biyo baya, ƙwayoyin fangas da bakteriya su samu mafaka. Ga wasu, fatar mara takan sauko har cinya, ta hana tafiya sosai, ta wahalar da tsarki da wanka, ta jawo ciwon baya. Akwai kuma nauyin zuci: mutumin da ya jure tiyata don ya samu sakewa sai ya tarar yana ɓoye jikinsa ko ga abokin zamansa.

Yaya ake cire ta?

Aikin likitan gyaran jiki ne, kuma ba a gaggawa. Ana jira wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar farko, sai nauyi ya tsaya cik na tsawon watanni, kuma gwaji ya nuna jini da furotin sun wadata, domin rauni ba ya warkewa a jikin da ke cikin yunwa. Mai shan taba dole ya daina makonni huɗu zuwa shida kafin aikin.

Mafi sauƙi shi ne yanke fatar marar da ke reto kawai. Na gaba da shi yana haɗawa da ɗinke tsokar ciki da sake wa cibiya mazauni. Akwai wanda ke zagaye ƙugu gaba ɗaya ya ɗage ciki da baya da mazaunai, akwai na damatsa mai barin tabo daga hammata zuwa gwiwar hannu, da na cinyoyi, da na ƙirji ga mata da maza. Yawanci ana rarraba su ne zango-zango da tazarar watanni, saboda daɗewa a kan gadon tiyata yana ƙara haɗari.

Matsalolin da aka fi gani su ne taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, buɗewar ɗinki, shigar ƙwayoyin cuta da zubar jini, kuma sun fi yawa a waɗanda suka yi tiyatar rage ƙiba fiye da sauran mutane. Mafi haɗari shi ne gudan jini da kan taso daga ƙafa ya toshe huhu, kuma doguwar tafiya a jirgin sama jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara yiwuwarsa. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kumburowa da ake kira kiloyid. Mai jinya yakan koma gida da bututun fitar da ruwa, ya sa rigar matsi na kusan mako shida. Kasancewarta babbar tiyata, tana iya sake tayar da zubewar gashi karo na biyu.

Wa zai biya, wa ke sa ido?

A nan ne batun ya koma na manufofin gwamnati. A Birtaniya, hukumar lafiya ta ƙasa ba ta biyan kuɗin cire fata kai-tsaye, sai mutum ya cika sharuɗɗan da suka bambanta daga yanki zuwa yanki. A Amurka kamfanonin inshora sukan biya kuɗin yanke fatar mara idan likita ya rubuta cewa ta sauko ƙasa sosai kuma tana jawo ƙurajen da suka ƙi jin magani, amma sauran ayyukan suna lissafa su a kwalliya. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya ke fitowa daga aljihun jama'a, dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, sai dai tsare-tsaren inshora sun saba ware tiyatar kwalliya daga abin da suke biya. Duk inda aka ja layi tsakanin magani da kwalliya, nan ne makomar mai gyambo a ninkin fata take.

Fita waje ma yana da nasa farashin. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2023 cewa 'yan ƙasarta fiye da 25 sun rasu a Turkiyya tun Janairun 2019 bayan ayyukan asibiti. 'Yan Najeriya kuma ba su manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoba, 2005 a Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, lamarin da ya kai wata kotu a Malaga ta ɗaure likitan shekara ɗaya a 2009 bisa sakaci. Tata tiyatar daban ce da ta cire fata, amma ta nuna cewa aikin gyaran jiki yana iya cin rai ko ga mai hali.

Doka ta bai wa mara lafiya makami. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana masa hanyoyin magani da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu da abin da zai biyo baya, cikin harshen da yake fahimta. Majalisar likitoci ta MDCN ce ke riƙe da rajistar masu lasisin aiki, jihohi kuma suna da hukumomin sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, kamar HEFAMAA a Legas da PHIMA a Kano.

Kafin a sa hannu kan takardar amincewa, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa a rubuce: wane likita zai yi aikin, kuma wace ƙwarewa ce ke rubuce a rajistarsa? Wa zai riƙa duba jini bayan wata uku, wata shida, shekara guda da kowace shekara bayan haka? Akwai masanin abinci a cikin tawagar? Idan ɗinki ya buɗe bayan an dawo gida, wane asibiti ne zai karɓa? Nawa ne kuɗin bitamin na shekara, kuma nawa cire fata zai ci idan an bukace shi? Farashin da bai ƙunshi waɗannan amsoshi ba, na ranar tiyata ne kawai, alhali jinyar ta shekaru ce.